Waƙa A Bakin Mai Ita, Kuɗi A Aljihun Wani

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata 'yar magana da ta shiga tsakanina da ɗan ƙanwata kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, a nan Garwa, sai ga shi a kan babur ɗinsa na haya, wanda mu a nan muke kira kilando. Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, ina so ka saurari wannan." Waƙar aure ce ya yi, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Tun kafin amshi ya zagayo karo na biyu na san Allah Ya ba yaron nan baiwa. Na sa masa albarka, na tambaye shi nawa ya biya a situdiyo. Sai ya yi murmushi ya ce ai ko dala bai biya ba, mai situdiyon mutumin kirki ne, ya ɗauki waƙar kyauta, shi dai a bar shi ya sa ta a tasharsa ta YouTube kafin babbar Sallah, in an samu wani abu a raba.

Na ce, "Kun rubuta?"

Ya ce, "Haba Kawu, ai mutumina ne."

Nan take gabana ya faɗi, domin wannan magana ita ce ta fito daga bakina kusan shekara talatin da suka wuce.

Mai karatu, bari in koma da kai baya kaɗan. Mu da muka tashi a Garwa a shekarun 1980 mun buɗe ido da sunan marigayi Ali Baba, ɗan garin nan da aka haifa a 1956, wanda rawa da waƙa suka kai shi har Faransa kafin ya rasu a 1989. Shi ya nuna mana cewa ana iya ɗaukar kiɗanmu na Hausa da na Fulani a haɗa shi da jita da sauran kayan zamani a fita da shi gaban duniya. Bayansa Isnebo da ƙungiyarsa ta Faadah Kawtal suka yi tashe da waƙoƙin Fulatanci. Ga kuma kaset-kaset na su Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge da fatake ke shigo mana da su daga Yola da Mubi. Wannan ya sa ni da abokaina uku muka haɗa kuɗi muka sayi wata tsohuwar fiyano Yamaha, muka haɗa ta da kalangu da garaya, muka shiga zagaya gidajen biki. Ni ne mai tsara waƙa, ni ne kuma mai rerawa.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsada, aljihun talaka ya bushe. Saboda haka lokacin da muka samu muka ɗauki waƙoƙinmu guda shida, bayan kamar shekara biyu, ba mu da abin da za mu buga kaset da yawa mu sayar da kanmu. Sai wani ɗan kasuwa mai sayar da kaset, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya ce mu ba shi masta, wato uwar kaset ɗin da ake buga sauran daga gare ta. Ya ƙirga mana jaka 40 ta sefa, ya ce in kaset ya karɓu zai ƙara mana. Ɗaya daga cikin abokaina ya ce ko za a rubuta, ni na hana shi. Na ce ai mutumina ne, tare muke sallah. Muka yi musabaha muka tashi.

Bayan wata takwas na je Mubi sarin kaya. Ina ratsa kasuwa sai na ji muryata tana tashi daga lasifikar wani shago. Don murna har da gudu na isa, na ɗauki kaset ɗin na duba. Hoton wani ne a jiki, sunan wani ne a rubuce. Da na dawo Garwa na sami ɗan kasuwar nan, da farko ya ce shi ma sace masa aka yi, da na matsa masa ya ce ai ya saya ya biya, abin da ya yi da kayansa ba ruwana. Na kai kuka wurin mai unguwa, dattijon ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya yi mini tambaya ɗaya, ya ce ina takarda? Babu takarda, masta kuma guda ɗaya ce, tana hannun wancan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne abokaina sun ɗauka haɗa baki aka yi da ni. Ƙungiya ta watse, aka sayar da fiyano aka raba kuɗin, ɗaya daga cikinsu har Allah Ya karɓi ransa ba mu shirya ba.

To, wannan labari na ba ɗan ƙanwata a ranar, na kuma ɗora masa da abin da shekaru suka koya mini bayan na koma bin wasu mawaƙa ina kaɗa musu fiyano. Na ga ya kamata in kawo shi a wannan shafi, domin irinsa suna da yawa a Garwa da Marwa da Ngawundare, yara masu murya waɗanda ba su da kamfani ba su da ubangida, sai waya da buri.

Tushen maganar dai shi ne waƙa dukiya ce, kamar gona, kamar saniya. Ba wanda zai miƙa saniyarsa a kara ba dillali ba shaidu don wai mai saye mutuminsa ne. Dokar ƙasarmu ma haka ta ɗauki waƙa. Dokar haƙƙin mallakar ayyukan fasaha mai lamba 2000/011, ta ranar 19 ga Disamba, 2000, ta ce aiki na wanda ya ƙirƙire shi ne tun daga ranar da ya ƙirƙira, wani ba zai yi kasuwanci da shi ba sai da izininsa a rubuce, kuma haƙƙin yana nan muddin ransa, magadansa su ci gaba da cin moriyarsa har shekara 50 bayan rasuwarsa. Amma doka ba ta san gaibu ba, sai ka nuna mata cewa kai ne mai abin. Marigayi Manu Dibango ya fitar da Soul Makossa a 1972. Shekara goma bayan haka Michael Jackson na Amurka ya ɗauki wani yanki nata ya sa a waƙarsa, Dibango ya bi haƙƙinsa aka sasanta aka biya shi. Haka 'yan ƙungiyar Golden Sounds, masu waƙar Zangalewa ta 1986, aka daidaita da su bayan Shakira ta yi amfani da ita a waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010. Abin da ya cece su shi ne akwai faifai mai ɗauke da sunansu da shekararsa. Ni kuwa a gaban mai unguwa rantsuwa kawai na riƙa yi.

Saboda haka aikin tsare waƙa yana farawa tun ranar da aka fara tsara ta. Mawaƙi ya sami littafi guda, ya riƙa rubuta baitocinsa a ciki da kwanan wata, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Da kari ya zo masa ya rera shi a waya ya ajiye, ko da a kan babur yake ya tsaya a gefen hanya, domin kari baƙo ne, in ba a tare shi ba ya wuce. Kuma karin ya zama nasa. Na san an daɗe ana ɗaukar karin waƙoƙin Indiya ana ɗora musu Hausa, a zamanin kaset ba mai tambaya, amma yanzu YouTube na da na'urar da ke gane sautin da wani ya riga ya yi wa rajista, sai a toshe waƙar ko a juya kuɗin tallarta zuwa ga mai ita. Haka yake ga kiɗan da ake tsinta kyauta a intanet. Wanda ya gina ɗaki a filin wani, ranar da mai fili ya zo sai ya kwashe kayansa.

Ni a wurina amshi ne ginshiƙin waƙa, shi nake fara nema. In na samu sai in rera shi a tsakar gida ba tare da na ce wa kowa komai ba. Idan washegari na ji mai ɗakina tana yin sa a bakin murhu, ko yara suna yin sa a hanyar makaranta, na san ya kama. In ban ji ba, sai in sake. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mutanen Garwa musamman, mu da muke haɗa harsuna a waƙa guda. Wannan haɗi arziki ne, domin waƙa ɗaya za ta yi ciniki a Yola da Mubi da Kano da Injamena. Amma a lura, kalmar Hausa tana da hawa da sauka, Fulatanci kuwa ba shi da wannan, don haka karin da ya zauna daidai a baitin Fulatanci yana iya murɗe baitin Hausa. Ga kuma ja da taƙaitawa: in mawaƙi ya ja wasalin da bai kamata ba, garin da ake zama a ciki sai ya koma garin tuwo. Na nuna wa yaron wurare biyu a waƙarsa da haka ta faru, ya yi dariya ya ce shi ma kunnensa ya ba shi amma bai san dalili ba.

Ranar shiga situdiyo kuma a tafi da waƙa a ka, an haddace ta, an yi ta gwaji da 'yan amshi a gida, domin situdiyo wurin ɗauka ne, duk mintin da aka ɓata ana neman baiti kuɗi ne. A nemi safiya. Mun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yakan haura 40, ɗakin ɗaukar murya a rufe yake, dole kuma a kashe fanka don kada makirufo ya kama ƙararta. Muryar da ta sha rana a kan babur tun safe ba za ta ba da abin da ake so da yamma ba. Ga kuma wuta da kan yi wuya da rani in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, don haka a tabbata mai haɗa kiɗa yana adana aiki a kwamfuta bi da bi. Kada kuma a bari a cika wa murya na'urar gyara har mahaifiyar mutum ta kasa gane shi, domin ranar biki makirufo zai tona asiri.

Idan an gama, kada mawaƙi ya fita sai da abu uku a filashinsa: waƙar a haɗe a babban fayil ɗin da ake kira WAV, domin MP3 matsattse ne, sai kiɗan zalla ba murya, sai kuma muryar zalla. Ya ajiye su wuri biyu, ɗaya a gida ɗaya a imel ɗinsa. Wannan ita ce mastar zamanin yau. Sa'an nan takarda. Ba sai an je wurin lauya ba, ko fallen littafin makaranta ya isa, da Faransanci ko da Hausa. A rubuta sunan waƙa da kwanan wata, wa ya tsara baitoci, wa ya yi kari, wa ya haɗa kiɗa, nawa aka biya shi, ko kashi nawa zai riƙa samu in rabo ne, ina aka yarda a sa waƙar, har zuwa yaushe. Kowa ya sa hannu da lambar katinsa na ɗan ƙasa, shaidu biyu su sa nasu, kowa ya riƙe kofi ɗaya. 'Yar amshi ma a biya ta a rubuta sunanta, domin ita ce aka fi mantawa da ita. Yaron ya ce yana jin nauyin kai wa abokinsa takarda, kamar bai yarda da shi ba. Na ce masa malamai sun sha tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin muminai. Ni da na ji nauyi, abota uku na rasa.

Sai maganar wasa a gaban jama'a, wadda a gaskiya nan ne abincin mawaƙi yake a ƙasarmu. Biki da suna da walima da naɗin sarauta su ne ke riƙe da gidajenmu, waƙar da ke yawo a waya aikinta shi ne ta jawo gayyata. Duk wanda ya gayyace ka ya ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi in da hali, kuma ya fi kyau ya turo ta Orange Money ko MTN, domin saƙon da ya shigo waya shaida ne. In ka karɓa kuwa to ka je, ko da wani ya zo da abin da ya ninka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A yi magana tun farko a kan wa zai kawo lasifika da janareta da mai, da ƙarfe nawa za a tashi. A isa wurin da wuri a gwada kaya kafin mata su taru. Da an ji kiran sallah a dakata. In wasa ne na fili da za a sayar da tikiti, a sanar da ofishin sufurefe tun da sauran kwanaki a karɓi takarda, kada a tara jama'a 'yan sanda su zo su watsa.

Babban abin da ke kashe ƙungiyoyin kiɗa shi ne liƙi. A zaɓi mutum ɗaya amintacce mai tsintar kuɗi, a zuba a jaka ɗaya, a ƙirga a gaban kowa a daren, a raba bisa kason da aka amince da shi tun kafin a bar gida. Na ga makaɗan da suka yi shekara goma tare suka rabu a kan jaka biyu. Waƙar ɗan siyasa kuma a karɓi kuɗinta duka kafin a buɗe baki, domin bayan zaɓe wanda ya ci ba ya ɗaukar waya, wanda ya faɗi kuwa ba shi da abin bayarwa. Akwai wasan da ake yi kyauta amma yana da riba, kamar na ranar 21 ga Yuni, ranar bikin kiɗa da aka faro a Faransa a 1982 wadda mu ma ake yin ta a Kamaru. In an samu dandali irin wannan a hau, a sa wani ya ɗauki bidiyo mai kyau.

Daga nan sai sakin waƙa, inda ɗan ƙanwata ya kusa faɗawa ramin da na faɗa. Mawaƙi ya buɗe tasharsa da kansa, a YouTube ne ko Audiomack ko TikTok, da imel ɗinsa da lambar wayar da aka yi wa rajista da sunansa, lambar sirri kuma kada ya ba kowa. Wanda ke riƙe da tasha shi ke riƙe da masu sauraro, in kuɗi ya zo ma hannunsa zai faɗa. Gara tasharka mai mutum ɗari da ta wani mai dubu ɗari, domin ranar da kuka ɓata zai tafi da su duka. A ambaci sunan mawaƙi a cikin waƙar kanta, kamar yadda magabata ke yi, domin ana iya canza hoto a canza rubutu, amma cire suna daga tsakiyar baiti sai an ɓata waƙar. A sa lambar waya a jikin hoto don masu biki. A riƙa sakin waƙa ɗaya-ɗaya, a auna lokacin Sallah ko lokacin da manoma suka karɓi kuɗin auduga aure ya yawaita.

Masu tura waƙa a memori a kasuwa kuma kada a ɗauke su abokan gaba, tunda ba mai iya hana su. Ka kai musu da kanka, mai kyau, mai sunanka. Ta wayoyin jama'a da YouTube ne waƙoƙin Babba Sadou na Fulatanci suka tsallaka iyaka zuwa Nijeriya da Cadi. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker kuwa a 2020 'yan gajerun bidiyo na mata masu rawa ne suka yaɗa ta ko'ina, don haka a yanko wurin da ya fi daɗi a waƙa a sake shi daban. A kai wa gidajen rediyon gari su ma. Sa'an nan a yi wa waƙa rajista a SONACAM, hukumar da aka kafa a 2017 don karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Kafin ita an yi SOCINADA, aka yi CMC, aka yi SOCAM, kowace da irin rigingimun da ta sha, don haka ban ce wa kowa ya ɗora tukunya yana jiran kuɗin can ba. Amma rajistar shaida ce mai kwanan wata, irin wadda na rasa a gaban mai unguwa.

Yaron ya tashi a ranar jikinsa a sanyaye. Bayan kwana uku ya koma wa mai situdiyo da takarda. Mutumin ya ji haushi, ya ce tunda abin ya zama haka to a biya shi kuɗin aikinsa, jaka 30, kafin ya saki komai. Ban ga laifinsa ba, guminsa ne. Ɗan ƙanwata ya yi ta tara abin da kilando ya kawo, ni ma na sa masa ɗan abin da ya sawwaƙa, amma ba su cika ba sai da babbar Sallah ta wuce. Ya yi kwana biyu ba ya zuwa gaishe ni, uwarsa ta aiko mini cewa na hana ɗanta tashe. Na haƙura ban ce komai ba.

Yanzu dai waƙar ta fita a tasharsa. Masu kallo ba su kai yawan da tashar mai situdiyo za ta kawo ba, wannan gaskiya ne, kuma ban sani ba ko za ta yi nisa ko ba za ta yi ba, wannan na Allah ne. Amma an gayyace shi biki biyu, ɗaya a Pitowa ɗaya a nan cikin gari, kuma shi da mai situdiyon sun shirya, har sun fara aikin waƙa ta biyu, da takardarta. Ran nan ya zo ya nuna mini littafin da ya saya na rubuta baitoci, ya ce, "Kawu, waccan waƙar taka fa, ka rera mini in rubuta da sunanka." Na ce ya bari sai wani lokaci, domin har yau in na fara ta abokina marigayi nake tunawa.

'Yan'uwa mawaƙa manya da ƙanana, in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah Ya sa wa sana'armu albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu dace, amin.